Saiwar Lamba

Shagona a Jekadafari yake: ƙofa ɗaya, fanka ɗaya,
kwamfuta biyu, ɗayar ta mutu tun azumi.
Ran Talata Baffa Manu ya sauko daga motar Kwami
da takarda a aljihu,
ta sha naɗi har ta yi laushi kamar dafaffiyar rama.

Ya ce, "'Yar Adda, masu awo sun ce gonata
dubu uku ce da ɗari shida.
Dubu uku na me? Ni da ƙafa na san ta.
Tsawo da faɗinta ɗaya, kamar ɗankwalinki.
Waya zan saya in kewaye, shanu sun ishe ni.
Gaya mini tsawon gefe guda."

Na buɗe jadawali, fari fat,
gida-gida, kamar filayen da aka yanka ba a gina ba.
Na zaunar da lambar a gidan farko.
A na maƙwabci na sa alamar daidai,
sai haruffa huɗun nan da na haddace,
na buɗe baka, na nuna gidan, na rufe baka,
na danna.

Sittin.

"Sittin sau sittin, Baffa. Ita ce saiwar:
lambar da in ta ninka kanta da kanta
sai ta haifi gonarka."
Ya yi dariya, goro ya leƙo:
"Ashe lamba ma tana da saiwa?
To ta fi wasu mutanen."

Waya mita ɗari biyu da arba'in.
Na rubuta masa a bayan takardar.
Bai tashi ba.

Ya ce, "In na kwanta dama, Siddi da Hammadi ne.
Raba musu biyu,
kowa ya sami nasa ɗankwalin."

Dubu ɗaya da ɗari takwas. Na ja umarnin ƙasa.
Arba'in da biyu,
ɗigo, huɗu, biyu, shida, huɗu.
Na faɗaɗa gidan, na ce a ƙaro:
sifili, shida, takwas,
suna ta fitowa kamar tururuwa daga rami,
har na'urar ta gaji ta hau jera sifili,
ba don lissafin ya ƙare ba.

"Wannan ba ta da ƙarshe, Baffa.
Kuma ɗankwali biyu irin wannan
ba za su zauna gefe da gefe cikin naka ba.
Sai dai a tsaga ta a tsaye, talatin-talatin."

Ya daɗe yana kallon allon.
"Na sani," ya ce. "Rabo bai taɓa fita cif ba.
Kullum kunya ɗaya kan rage a tsakiyar gona,
a kanta kuwa ake rasa kunya."

Sai ya rage murya, don akwai yaro mai jiran hoton takarda:
"Akwai bashin taki. Dubu casa'in.
Sa shi mu ga tasa saiwar."

Bashi ragi ne, sai na sa masa ɗan karan ragi a gaba.
Na danna.
Gidan ya ƙi. Ya fito da alamar kuskure,
kamar mai gadi ya ɗaga hannu.
"Ta ce abin da ke ƙasa da sifili ba shi da saiwa."

"Yarinya ce," in ji Baffa.
"Ba ta taɓa kwana da bashi ba.
Saiwarsa ta fi ta tsamiya.
Ni na san inda ta kai."

Nan aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta tsaya,
allon ya yi baƙi da gonar, da rabon, da bashin,
ban kuwa adana komai ba.

Ya ajiye mini ƙullin gyaɗa a kan tebur,
ya mai da takardar aljihu,
ya fita neman motar Kwami,
yana taka bakin titi a hankali
kamar mai ƙirga sittin.