Teburin Sallau

A bakin layinmu na Gwammaja,
tsakanin mai faci da mai cajin waya,
Sallau ya kafa tebur shekara goma sha bakwai.
Tun da na ajiye aiki ban sake rataya kalanda ba.
Teburin nan ya ishe ni.

In na ga magarya ta ƙare a faranti,
goruba ta koma gefe tana jiran 'yan makaranta,
na san sanyi ya naɗe tabarmarsa.
Yau da safe ga tumatirin Kadawa, kwando har yana amai,
ja wur, arha ɓagas,
kamar ba shi ya sa mu cin miyar kuka wata biyu a jere da damina ba.
Ga karas da ƙasar lambu a jikinsa,
kabeji ya ɗaure fuska kamar mai bin bashi,
sabuwar albasa da lawashinta a tsaye,
ga latas ana yi masa yayyafi
da tsohuwar gorar lemo mai hudajjen murfi.

Mangwaro bai iso ba tukuna.
Akwai dai guda shida daga kudu, kore shar.
"Malam, bari binta siga ta sauka," in ji Sallau,
"wannan na marasa haƙuri ne."

Jiya da dare Lantana ta kira,
'yata ta uku, mai aikin jinya a Dablin.
Ta ce can ma sanyi ya fara sakin mutane,
furanni rawaya sun cika ƙofar kantin unguwarsu,
an jera kabeji, da naman ɗan rago na bana,
da wani burodi mai nauyi da ba a sa wa yis,
da dankali, Baba, dankali iri-iri,
kowanne da sunansa kamar 'yan aji.
Sai ta yi shiru.
Ina jin ruwan sama a bayan muryarta,
mu da muka rabu da shi wata biyar.
Can ta ce, "Sallau yana nan?
Har yanzu yana ƙara gyara?"

Shi ya sa yau na tsaya kan buhun da ke ƙasan tebur,
dankalin turawa, wanda matan layinmu ke kira Ayirish.
Na ce, "Sallau, ka san ina ne Ayirish?"
Bai ko ɗago kai ba.
"Gaba da Jos kaɗan.
Direban da ke kawo mini ma ɗan can ne."

Shekara talatin ina riƙe da alli
ina mayar wa yara ƙasashe inda Allah ya ajiye su,
wanda ya kai Masar kusa da Maraɗi ya sha rankwashi.
Yau ban ce uffan ba.
Na bar ƙasa sukutum ta zauna a bayan Jos,
inda motar Yankaba za ta je ta kwana
ta dawo kafin la'asar.

Ya auna mini ƙaramin kwano,
ya ƙara uku,
ya tsince wani da ya fara tsiro zai jefar.
Na ce a'a, ba ni shi.
Ya dube ni, ya dubi dankalin,
ya lasa yatsa ya buɗe littafin bashi,
shafi na tara, inda sunana yake tun watan jiya.
Mai tsiron bai rubuta ba.

Uwani ta soya sauran da ƙwai biyu da attaruhu,
muka ci a tsakar gida, wutar lantarki ba ta zo ba.
Mai tsiron na binne shi a tsohon bokitin fenti
kusa da randa, inda inuwa ke daɗewa.
Uwani ta ce bazarar Kano za ta dafa shi tun yana ƙasa.
Na sani.
Na zuba masa rabin buta,
na ƙulle daddawa da busasshiyar kuɓewa a leda biyu,
na rubuta sunan Lantana,
ko Allah zai kawo mai tafiya.