Inda Allura Ke Tuntuɓe

Bayan la'asar a Zango, ƙofar shagon Ari mai gyaran rediyo,
inuwar bedi ta iso bakin benci,
shayi na farko na kan garwashi.
Mu huɗu ne. In Nijelek ta yarda,
mu biyar har da garmaho.

Kalla tela ya zo da faifai naɗe cikin tsohon zane,
ya kwance shi a hankali kamar mai duba gyambo.
Gara ta cinye rabin bangon,
ta cinye sunan, ta cinye shekarar,
saura hannun mai busa da gefen hularsa.
Ari ya ce, "Gara ma ta san mai daɗi."

"Nawa ka saye shi?"
"Jika biyu, a Kasuwar Dole,
ƙarƙashin tarin littattafan lekol."
"Bara jika guda ka ce mana."
"Bara ban gama sanin darajarsa ba."

Madam Fanna, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwar nan,
ta yi dariya har gyalenta ya zame.
Arba'in marigayi ya bar mata, jaz zalla,
yanzu talatin da takwas.
Ɗaya rana ta same shi bisa soro,
ya lanƙwashe kamar kilishi.
Ɗayan, 'yar aiki ta rufe ƙwaryar fura da shi.
"Na ce ke, me kika yi?
Ta ce Inna, ba ke kika ce faifai ba ne?"

Sai gardamar kullum, wadda ba ta tsufa.
Ari na bayan mai ganga.
Kalla ya ce a'a, wancan ƙaton gurmin da ake kaɗawa a tsaye,
shi ne ga-ruwan gidan:
ba a ganinsa sai ran da bai zo ba.
Ni kuwa mai kahon nake bi,
yana magana kamar dattijon Birni
da ya fara ba da labari, ya ratse, ya gaida kowa a hanya,
ya dawo daidai inda ya tsaya.

Allura ta sauka.
Ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana suyar fara a maƙwabta,
sannan fiyano ya shigo da sanɗa.
Babu mai kurɓar shayi.
Can tsakiya, inda kahon ke hawa,
allura ta yi tuntuɓe,
ta maimaita, ta maimaita, ta maimaita,
har Kalla ya miƙa ɗan yatsa ya tsallakar da ita
kamar mai tsallakar da makaho kwata.

Zabairu ɗan kabu-kabu, da ya tsaya shan kofi na biyu,
ya kara wayarsa kusa da lasifika.
"Baba, ga shi na samo maka, fes, ba tabo."
Muka saurara. Kahon ya hau, ya wuce sumul,
bai ko waiwaya ba.

Kalla ya ce, "Ba shi ba ne."
"Wallahi shi ne."
"Shi ne. Amma ba shi ba ne.
Wannan wurin Nuhu ya yi shi, yana rarrafe,
ya kama ƙafar tebur zai miƙe.
Ran nan ya fara tsayuwa.
Na ɗaga hannu zan make shi, sai ya yi mini dariya."

Mun san sauran.
Nuhu ya hau motar Agadas,
damina biyu ke nan waya ba ta yi ƙara ba.

Fanna ta zuba na uku, mai zaƙin.
Ari ya hure allura, ya ce, "A sake?"
Kalla ya gyaɗa kai.
Ƙas-ƙas-ƙas, fiyano, kaho na hawa,
ga wurin nan tafe,
ɗan yatsansa na sama yana jira,

sai wuta ta ɗauke.

Faifan ya ja murya ƙasa, ya tsaya.
Kalla bai sauke hannun ba
har aka kira magariba.