Farantin da Ya Wuce Ni Sau Uku

Jikata Dija ce ta ja ni,
ranar da fansho ya shigo bayan wata huɗu.
Ta ce, "Kaka, yau abinci zai zo da ƙafarsa."
Na ce, "In kaza ce, ai na sha gani."

Bayan Tashan Dukku, kusa da mai faci,
shago ne ɗan tsukuku, fanka ɗaya.
Lamela, ɗan Kaltungo, shi ke da wurin.
An tura shi Japan koyon gyaran famfo,
ya dawo da takardar shaida
da wannan rigima.

Bel ne baƙi, yana zagaya tebur
a hankali, kamar mai bin bashi gidan suruki.
A kansa ƙananan farantai, kowanne loma biyu:
curin shinkafa da ɗamarar baƙin ganye,
wai daga teku,
yankan kifi kwance a sama kamar ya biya haya.

Ni na san bel.
Shekara ashirin da shida ina gidan gurzar auduga.
A gabana bel ya ci yatsan Hammajo,
ya wuce, ko sannu bai ce ba.
Sai na naɗe hannun riga, na ja kujera baya.

Na ce, "Ɗanye ne?"
Lamela ya yi dariya: "Baba, a zafin Gombe?
Na Dadin Kowa ne, bandar safe."

Shuɗin faranti ɗari biyar, ja dubu.
Dija tana sura kamar shirwa,
tsinke biyu a hannunta sun zama baki.
Nawa tsinkayen faɗa suka kama yi,
na raba su, na wanke biyar ɗin da aka haife ni da su.

Akwai wani kore a gefe, kamar busasshiyar miyar kuka.
Na lakata da yawa, don ban tambaya ba.
Barkono namiji ne, gaba da gaba yake cizo.
Wannan ta bayan katanga ya hauro,
ya fito ta hanci, ya buɗe mini ido biyu.
Dija ta miƙo ruwa tana ƙyaƙyata.

Amma akwai jan faranti guda, mai ƙwai a kai.
Ya zo, na dube shi, ya wuce.
Ya sake zuwa, na ɗaga hannu, na sosa gemu.
Shekara arba'in da ɗaya
Yelwa tana ajiye kwano a gabana, da faifai a kai.
Ban taɓa zaɓa ba, ban taɓa miƙa hannu nesa ba,
kuma ban tuna ranar da na ce an gode ba.
Damina biyu ke nan da aka kai ta.
Karo na uku ya wuce,
na ce koren nan ne har yanzu yake sa ni hawaye.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi shiru, bel ya tsaya cik,
farantina can ƙetare, gaban wata nas
mai farin takalmi da idon wadda ta kwana aiki.
Ta ce, "Baba, tun ɗazu nake ganin kuna kallon juna."
Ta ba ɗan Keke, ɗan Keke ya ba Dija,
Dija ta ajiye shi a gabana.
Na ce na gode, har sau uku,
da ƙarfi fiye da yadda ƙwai ya cancanta.

An ƙirga farantai, tara, bakwai na Dija.
Fansho ya rame kaɗan.

A bakin ƙofa na kira Lamela gefe:
"Bel ɗinka yana kuka ta hagu,
ƙarfen juyi ne ke neman giris.
Ran Laraba zan zo da sifana.
Ka ajiye mini ja ɗaya."