Kwando Arba'in

Sun ba ni kujera mai juyawa
a hawa na uku, a Ikeja,
da kati a wuya mai cewa Manaja.
Na ɗauka kujerar ce ke juya duniya.

Ranar Alhamis Nafi'u direba ya tsaya bakin ƙofa,
hula a hannu:
"Hajiya, injin sanyin motar nan tari yake."
Na ce to, a ba shi ruwa ya sha.
Bisola mai tsara hanya ta ɗago daga kwamfuta,
ta ce ana gyaran gada, mu bari sai asuba.
Na nuna mata jadawalina,
layi-layi, kore da shuɗi,
sai ka ce jadawali ya taɓa kwana a gosulo.

Kwando arba'in na tumatir,
daga Mil Sha Biyu zuwa otal-otal ɗin Lekki.
Awa bakwai a kan gada.
Injin ya yi tarinsa na ƙarshe da azahar.
Kafin la'asar jan ruwa na ɗiga ta ƙasan mota,
'yan danfo suna toshe hanci, suna zagi da Yarabanci.

Daren Lahadi ban runtsa ba.
Na jera sunaye a takarda
kamar mai raba gado:
wannan kason Nafi'u, wannan na makanike,
wannan na gada, wannan na rana.
Nawa kason ya tashi babu.

Litinin, ƙarfe tara, ɗakin taro.
Janareta na gurnani a baya.
Malam Ashafa akanta, wanda bai cika magana ba,
ya buɗe leda, ya ajiye tumatir guda a tsakiyar tebur,
ruɓaɓɓe, ya fashe ta gefe.
Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza,"
ya koma ya zauna.

Na kalli takardata.
Na kalli Nafi'u, wanda ya riga ya cire makullin motar
daga zoben makullansa, ya riƙe, yana jira.

Ni ce, na ce.
Muryar ta fito siririya, kamar ta aro.
An faɗa mini sau biyu, ban ji ba.

Ba wanda ya tafa.
Nkiru ta kashe fanka saboda warin,
sannan ta miƙo mini alƙalamin allo.
Ban karɓa ba. Na ce a ba Bisola.

Ta zana gadar, ta zana agogo.
Nafi'u ya tashi ya goge layi guda da yatsa,
ya ce nan akwai rami, nan 'yan tasha ke tsayar da mu.
Malam Ashafa ya lissafa kuɗin makanike na shekara:
bai kai kwando shida ba.
Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ni kuwa daga sama nake leƙen rufi.

Yanzu ƙarfe huɗu na dare ina kasuwa,
takalmina cikin caɓi, katin a aljihu.
Kafin a ɗaura igiya ina tambaya:
wa ya ji tari?

An wanke motar sau uku da omo.
In rana ta take, har yau tana ɗan tsami.
Nafi'u ya ce a sake wanke ta.
Na ce a bar mana shi.