Daren Laraba a Gidan Arzika

A Bilbis, tele guda ce a layinmu,
ta Arzika mai gyaran rediyo,
baƙi-da-fari, da rigar atamfa da matarsa ta ɗinka mata.
In kuran ya gudu, batirin mota ke ba ta rai.
Daren Laraba, bayan lisha,
sai ya kife turmi a tsakar gida ya ɗora ta,
ya tura Nomau bisa katanga:
"Juya ƙarfen! Kaɗan. Koma. Tsaya nan!"
Nomau ya tsaya nan, hannu a sama.
Shekara uku bai taɓa ganin farkon wasa ba.

Gidan Baba Shibkau, sunan wasan ke nan.
Tela ne mai tabarau ɗaure da zare,
kullum yana neman almakashin da ke aljihunsa.
Matarsa Kuluwa ta san inda yake,
mu ma mun sani,
yara talatin da baki guda: "Aljihu! Aljihu!"
Shi ko sai ya leƙa tulu.
Ga suruki mai sallama daidai kwashe tuwo,
"Wucewa zan yi, a ƙoshe nake,"
hannunsa tuni ya kai miya.

Ni ba almakashin nake kallo ba.
Babanmu na Abijan tun bayan kaka,
muryarsa na zuwa a kaset sau biyu a shekara,
yana gaida kowa da sunansa, har jakinmu.
Shibkau ko kullum yana gida.
Ya yi faɗa, a yi dariya, ya huce,
a zuba masa ruwa ya wanke hannu,
ƴaƴansa su kewaye akushi.
Nakan ja gindi gaba, gaba,
har Arzika ya ce,
"Kai ɗan Tsahara, ciki za ka shiga?"
Da akwai ƙofa, da na shiga.

Jiya ɗiyata ta tono mani shi a waya.
Minti tara, hoto na rawa,
murya kamar daga ƙasan rijiya.
Ashe bangon na kwali ne,
in an rufe ƙofa gidan duka sai ya girgiza.
Ashe babu wuta a ƙarƙashin tukunyar.
Ashe Shibkau saurayi ne da gemun auduga,
yau na ba shi shekara goma da ɗoriya.
Yarinyar ta dube ni, ta dubi waya.
"Baba, ina wurin dariyar?"

Na kasa kunne. Wani abu ya ɓace.
Akwai wata dariya mai farawa da tari,
ta hau, ta karye,
ta ƙare da "wayyo cikina, ku bar ni haka."
Duk shekarun nan na ɗauka a akwatin take.
Ashe daga bayana take fitowa,
daga tabarmar mata, kusa da randa,
inda Inna ke zaune da farantin gyaɗar sayarwa,
rabin awa a mako
ba ta ƙirga watanni.

Arzika ya rasu. Turmin ya tsage.
Nomau na tuƙa babbar mota zuwa Agadas.
Inna na kwance gabas da gari, shekara ta shida.

Na ce wa yarinyar ta mayar da shi farko.
Shibkau ya dafe kai, ya ɗaga tabarma, ya nufi tulu.
Sai na ji bakina, ba da izinina ba,
ƙasa-ƙasa:
"Aljihu."