Mai Gyaran Rediyo

Tari ne kawai, muka ce,
irin wanda ke bin yara ƙarshen damina
in Gulbi ya fara janye jiki daga gonaki.
Na sayo siro na jika guda wajen mai tebur,
na koma rumfata bakin tasha.

Kwana uku haƙarƙarin Sabi'u na shiga yana fita
kamar zugazugin maƙeri.
Ran na huɗu Zuwaira ta tallafo shi ya sha koko,
wuya ya ƙi lanƙwasa.
Ya ce a kashe fitila, tana cizon idonsa.
Kafin kiran assalatu jiki ya ɗau kakkarwa,
baƙin ido ya ɓuya.

Daga Bagalam zuwa babbar likita
mu uku bayan ɗan kabu-kabu,
yaro a tsakiya kamar garwashi cikin zane.

Suka naɗe shi, suka ɗebi ruwan gadon baya.
Malama ta ɗaga kwalbar wajen taga:
da lafiya, garau zai fito,
wannan kuwa kamar an wanke shinkafa.
Ƙwayar da ta kwana a huhu, in ji ta,
ta bi jini ta hau sama
har mayafin ƙwaƙwalwa.
Na ce sanƙarau ai sai bazara.
Ta ce wannan ba ya duba kalanda.

Kwana goma sha biyu ana allura.
Ya tashi. Ya nemi fura.
Muka raba sadakar ƙosai.
Ranar sallama faranti ya suɓuce wa wata mai jinya,
yaran ɗakin kaf suka zabura.
Nawa yana kallon ƙadangare a bango.

Shekara ashirin ana kawo mini akwati bebe,
in buɗe bayansa, in ɗiga darma,
ya yi tari, ya soma labaran duniya.
Daren nan na shafa bayan kunnen ɗana
ina laluben inda ake kwancewa.

Yanzu shekararsa bakwai.
Ƙafar hagu tana zuwa a makare.
Kalmomi na zaizayewa a bakinsa kamar sabulu:
ƙanwarsa Hindatu ta koma Indaa,
ni kuma Aba, da ƙarfi,
har mai shayi ya waiwaya.

In ba lakwal, rumfa yake wuni.
Yana ɗora tafin hannu kan sifika,
ya lumshe ido.
Shekaranjiya ya ture mini wata,
ya girgiza kai.
Na buɗe. Takardar ta tsage ta ciki,
ni da kunne biyu ban ji ba.

Jiya da dare ɗiyar maƙwabcina Harisu
tana tari ta bayan katanga,
gajere, mai sauri-sauri.
Na ƙirga har ashirin,
na nemi takalmina.