Tsimin Hoto

A ɗakin baya na shagonmu a Rafindadi,
inda Baba Sada ya toshe taga da buhun siminti da taɓo,
na kunna jar fitila.
Ba jar asali ba ce, ƙwai ne aka naɗe da ledar alawa.

Garin wanki da ake kawo mana daga Kano
ya yanke tun shekarar da waya ta koyi ɗaukar fuska.
Sai Baba ya koma haɗa nasa.
Littafinsa na nan, rabi boko rabi ajami,
kowane shafi da tabo ruwan goro:
kofi cokali shida, mai ɗacin nan na mai shayin tasha,
ƙwayar bitamin, a daka ta yi lilis,
kanwa a jiƙa, a tace sau uku da tsumman atamfa,
a ɗora a sikelin maƙerin azurfa.
Mutane na cewa ido ya san ƙima.
Baba ya ce ban da ɗakin nan.

Tsimi yake ce masa.
Mai kauri, baƙi kamar ruwan marina,
a kwalbar maganin tari mai bakin kakin zuma.
Murfi ɗaya, ruwa tara.
Ruwan ma na sama, wanda aka tarba a tsakiyar damina,
don na rijiya yana barin farin zane a goshin mutane.
Da bazara ya kan tsoma kwalbar a randa,
ya ɗana bayan hannu ya ji sanyinta:
"Mi kake ma gaggawa, Ɗanlami?
In ya yi ɗumi, fuska ƙonewa take."

Ba ya duba agogo. Carbi yake ja.
Zagaye biyu, a girgiza, a huta.

Kwana arba'in da binne shi
na tsinci fim a gwangwanin madara, ƙarƙashin benci,
ba suna, ba shekara.
Tsimin da ya rage bai fi murfi ɗaya ba,
kuma fim ba ya wankuwa sau biyu.

Na kashe har jar fitilar.
A duhu na warware shi da yatsu, kamar mai lalube a aljihun wani.
Warin kanwa da kofi ya tashi,
warin rigarsa ke nan tun ina goye.
Na ja carbinsa. Na ɓace a lissafi. Na ƙara rabin zagaye
don tsoro.

Talatin da biyar sun fito toka.
Ɗaya ta rayu.

Na haska ta a takarda, na kwantar a faranti,
ina rarrashin ruwan da gefen yatsa.
Da fari hazo.
Sai katanga, sai ƙafar akuya,
can nesa kan Gobarau ya leƙo,
sai wani yaro da wando a karkace,
ya juya baya yana bin taya.
Ni ne. Ko kunnena bai fito sosai ba.

Amma a ƙasa, daf da dugadugaina,
ga inuwa doguwa, hula ta karkata,
gwiwoyin hannu biyu a buɗe kamar shaho zai sauka.

Shekara arba'in yana zaunar da Katsina a kan kujera,
amare, 'yan fasfo, masu sabon keke,
bai taɓa zagayowa gaban gilashi ba.

Na shanya shi a igiya da maƙalin wanki.
Yana ɗiga.
Na tara hannu.